Linkin da aka saya da wanda aka ba ka don cancanta



Yau kuskurena zan faɗa muku. Da na buɗe shafin sayar da turaren wuta, wani ya karɓi kuɗina, wai zai sa shafuka ɗari biyar su saka linkin shafina. Ya saka kuwa. Bayan wata biyu, sai shafin ya nutse a Google, ciniki ya tsaya cak.

Ashe tun 2012 Google ya fito da tsarin Penguin don kama irin wannan. Shi linki a wurinsa shaida ce, kamar wani ya ce, "Ku je wurin wane, ya san abin." To shaidar da aka saya, wa zai yarda da ita?

Sai na tsaya kan abin da na sani: turare kawai. Na rubuta yadda ake gane sandal na gaske, da yadda ake haɗa humra. Na kuma gyara kayana. A hankali masu shafukan kayan aure suka fara turo mutane wurina, ban roƙi kowa ba.

Don haka ɗan'uwa, riƙe fanni ɗaya, ka iya shi sosai, kayanka su yi kyau. Linki zai biyo ka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.