Kada Kalangu Ya Mutu a Hannunmu

 

Maganarmu ta yau a kan ƙananan makaɗa ce, masu kalangu da gurmi da kukuma, waɗanda ke wasa a gidajen biki da ƙananan wuraren shaƙatawa na garin Minna. To jama'a, sana'ar nan tana mutuwa. Yanzu in biki ya tashi sai a ɗauko mai lasifika ya saki waƙar situdiyo, makaɗi kuwa yana gida zaune.

Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Shatan nan a dandali ya fara waƙa. In ba mu ba yaro fili ba, wa zai gaje su?

Malamanmu sun yi gaskiya, batsa da giya ba namu ba ne. Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta sa doka: a gayyaci makaɗi, a yanka masa ladansa tun farko, ban da zambo, a tashi kafin magariba. Mu 'yan kasuwa mun sani, hajar da ba a saye, daina kawo ta ake yi.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.