Wasan Wuta a Lokacin Salla: Jan Kunne Ga Iyaye da Matasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Idi rana ce ta farin ciki wadda shari'a ta halatta. Amma wata al'ada ta shigo mana, wato 'ya'yanmu su karɓi goron salla su sayi nokawut da sauran kayan wasan wuta, suna jefawa cikin lunguna da taron jama'a.

Wannan abu ya tattara ɓarna uku. Ta farko almubazzaranci ne, alhali Allah Ya danganta masu yin sa da shaiɗanu a Suratul Isra'i, aya ta 27. Ta biyu tsoratar da Musulmi, wanda Annabi (SAW) ya hana ko da cikin wasa, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Ta uku jefa kai cikin halaka. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, sai Annabi (SAW) ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce, ya yi umarni a kashe ta kafin barci. To, yaya wanda ya damƙa ta a hannun yaro?

A ranar 26 ga Disamba, 2012, wani ɗakin ajiyar irin waɗannan kaya ya fashe a kasuwar Jankara da ke Legas, gobara ta ci gine-gine, mutane da dama suka jikkata. Mu ma a gidajenmu akwai galan na fetur, da danga, da rumfar kara. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Saboda haka, uba ya san abin da ɗansa ke saye. Wanda aka kunna bai tashi ba, kada a koma a ɗauka, domin yakan fashe a hannu.

Idan kuwa ƙaddara ta afka, wanda wuta ta kama tufarsa kada ya ruga; ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Sannan a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har minti 20, amma ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata, a bar ta. Kada a fasa bororon, kuma kada a shafa manja, ko man goge baki, ko ƙwai, ko toka, domin suna jawo ruɓewa. A rufe da ƙyalle mai tsabta.

In ƙunar ta fi faɗin tafin hannun mai ita, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, ko ƙaramin yaro ne, a garzaya asibiti. Idon da abu ya faɗa wa, kada a murza shi. Neman magani ba ya kore tawakkali.

'Ya'yanmu amana ne, kuma za a tambaye mu. Allah Ya kiyaye mu da wutar duniya da ta lahira.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.