Ka naɗi kiran waya, ka watsa a guruf: me doka ta ce?

Daga nan Pauwa nake gaishe ku, mutanen Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, da ku da kuke bibiyarmu daga nesa.

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku a 'yan kwanakin nan ita ce: idan na naɗi hirarmu da mutum a waya bai sani ba, na tura wa jama'a, za a iya kama ni? To, tambaya ɗaya ce a baki, amma aiki uku ne a cikinta. Akwai naɗar kiran da kai kanka kake ciki. Akwai satar sauraren kiran wasu. Sannan akwai watsawa. Doka ba ta ɗauke su ɗaya ba.

Mu fara da tushe. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa: gidansa, wasiƙunsa, kuma ya ambaci hirar waya ƙarara. Wato muryarka a waya ba kayan kasuwa ba ce.

Satar sauraren kiran wasu ita ce mai sauƙin bayani. Ka sa wa wayar matarka, ko saurayinki, wata manhaja da ke turo maka duk hirar da ake yi, wannan sashe na 12 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya yi maganinsa: ɗauri har shekara 2, ko tara har naira miliyan 5, ko duka biyun. Ba a ware miji ba, ba a ware yaya ba. Kafin ma a je kotu, malamanmu sun sha karantar da mu hanin leƙen asirin mutane a Suratul Hujurati.

Kiran da kake ciki kuwa, nan doka ta sassauta. Ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 sun yarda da naɗi idan ɗaya daga cikin masu maganar ya amince, ko kuma mai naɗin yana cikin hirar kuma yana da dalilin ganin rai na cikin haɗari. Wasu ƙasashen sun fi mu tsanani. A Jamus, naɗar maganar sirri ba da izini ba laifi ne da kan kai mutum gidan yari. A jihar Kalifoniya ta Amurka sai kowa ya yarda. Mu a nan, wanda ake yi wa barazana, ko ɗan kasuwar da wani ke shirin cinye wa bashi, idan ya danna rikodin ya ajiye, yana da abin kare kansa. Kuma kotu na iya karɓa. Sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ko da ba a samo shaida ta hanya mai kyau ba, alƙali zai iya karɓarta in amfaninta ya rinjayi illarta. Sai dai sashe na 84 yana neman a nuna na'urar da ta samar da ita da yadda aka samar. Saboda haka wanda ya yanka odiyon, ya ɗora masa kiɗa, ya goge na asalin, ya ɓata wa kansa hujja da hannunsa.

Yanzu ga wurin da nake so mu zauna: watsawa.

Da zarar ka tura, magana ta canza. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ya ajiye don amfanin kansa ko na gidansa, amma da sharaɗin kada ya keta sirrin wani. Guruf mai mutum 300 ba gidanka ba ne. Wanda ka watsa muryarsa zai iya maka ka a kotu kan keta haƙƙi, ko ɓata suna, wanda laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa. Masu riƙe muryar yarinya suna cewa "ki turo kuɗi ko in saki", su ji da kyau: sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ya tanadi ɗaurin shekara 5 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 15 ba. An yi wa sashen gyara a 2024, bayan kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, amma ɓangaren barazana yana nan daram.

Za ku ce, ai manya ma ana sakin nasu. Haka ne. A Afrilun 2023 aka saki muryar da aka ce ta Peter Obi ce da Bishop Oyedepo, Obi ya ce ƙirƙira ce. A watan Mayu na shekarar aka saki wadda aka danganta da Ganduje da Ibrahim Masari, gwamnatin Kano ta ce aikin masu son haɗa shi faɗa da Tinubu ne. Kwana nawa aka yi ana surutu? An wuce wurin. Suna da lauyoyi, suna da masu magana da yawunsu, suna kwana da 'yan sanda a ƙofar gida.

Mu fa? A yankinmu, odiyon da ya fi yawo ba na siyasa ba ne, na cinikin kuɗin fansa ne. An ɗauke mutum, 'yan bindiga sun kira, ɗan'uwansa yana roƙo, yana kuka, yana cewa an sayar da gona, an sayar da shanu, wane ya ba da gudummawa, wane zai kai kuɗin. Wani ɗan gidan ya naɗa, ya tura wa abokinsa ɗaya "don a taya mu da addu'a". Kafin la'asar ta kai Funtua, kafin isha'i tana Facebook.

Wa kuke zaton ba ya sauraro? Waɗanda ke daji suna da waya, suna da masu kai musu rahoto. Ba mu manta ba, saboda matsalar infoma ne aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan a Satumban 2021, zamanin Gwamna Masari, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Watanni muka yi sai mutum ya yi tafiya kafin ya samu sabis. To yanzu odiyon nan ya gaya musu wane ne mai abin hannu a garin, wane ne mai kai saƙo, kuma ko iyalin sun tuntuɓi jami'an tsaro. Farashi ya tashi. Wanda ke hannunsu shi zai sha dukan.

Akwai ɗaya gefen kuma, wanda ya fi ba ni tsoro. Mutumin da ya sadaukar da kansa ya shiga tsakani, dole ya lallaɓa su, ya ce "ranka ya daɗe", ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Yanke daƙiƙa 40 daga hirar minti 20, ka rubuta "ku ji infoma" a sama. Shi ke nan. A yanayin da muke ciki, wannan kalmar kaɗai ta isa a kashe mutum kafin wani alƙali ya ji sunansa. Ga shi yanzu da fasahar AI ana iya kwaikwayon muryar mutum ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ni dai a wurina, wanda ya danna turawa a kan irin wannan odiyon yana da kamasho a abin da ya biyo baya, ko da ba shi ya naɗa ba.

Na san hujjar abokaina masu fafutuka: in ba a fallasa ba, ba a gyarawa. Ina tare da ku rabin hanya. Jami'in da ya nemi cin hanci a waya, a naɗe shi. Amma a kai wa lauya, ko ICPC, ko ɗan jaridar da zai tantance muryar, ya kira wanda ake zargi ya ji ta bakinsa, ya ɓoye sunayen waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Na barazana ko na fansa kuma, iyali su yanke shawarar wanda za su miƙa wa a cikin jami'an tsaro, hannu da hannu, ba ta guruf ba.

Abu na ƙarshe, ku duba wayoyinku yau. Yawancin Tecno da Itel ɗin da muke riƙewa suna da wurin da ke naɗar kowane kira da kansa, wasu ma ba su san a kunne yake ba. Ranar da wayar ta je wurin mai gyara, ko mai caji a kasuwa, ko aka sayar da ita ba a goge ba, duk hirarrakin nan sun bi ta. Admin na guruf kuma, maɓallin gogewa yana hannunku.

Masu tambaya kan hoton hirar WhatsApp da ake ɗauka a watsa, na ga saƙonninku, shi za mu ɗauka a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Wassalamu alaikum.