Saƙon da Ƙwaƙwalwa ke Aikawa Kafin a Samu Haihuwa

Abin da aka saba ji a gari, idan aure ya daɗe ba a ga rabo ba, shi ne a ce mahaifar matar ce ke da matsala, alhali kuwa umarnin haihuwa daga kai yake fitowa, ga mace da namiji baki ɗaya. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira haifotalamus, wanda yake fitar da sinadarin da likitoci ke taƙaita sunansa da GnRH, kuma shi wannan sinadari homon ne, wato saƙon da wani sashe na jiki ke aika wa wani ta cikin jini. Tafiyarsa ba ta da nisa, domin ƙasa kaɗan da inda ya fito akwai wata 'yar halitta mai suna fituwitari, wadda da zarar saƙon ya iso ta sai ta saki wasu homon guda biyu, LH da FSH. Su ne ke nunar da ƙwan mace har ya fito, su ne kuma ke sa 'ya'yan maraina su samar da ƙwayoyin haihuwa a cikin maniyyi.

A shekarar 1971 ne Andrew Schally da Roger Guillemin suka gano ƙirar sinadarin GnRH, aikin da yake cikin abin da ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 1977, amma binciken da ya fi amfanar majinyata shi ne na Ernst Knobil a 1978, wanda ya nuna a jikin birai cewa dole saƙon ya riƙa zuwa lokaci-lokaci, kamar bayan kowace sa'a guda ko guda da rabi. Idan ya zo babu yankewa, fituwitari takan daina amsa shi, kamar yadda maƙwabcin injin niƙa yakan daina jin ƙararsa. Da wannan dabara ta ba da saƙon babu yankewa likitoci ke dakatar da balagar da ta zo wa yaro da wuri ƙwarai, da ita kuma ake rage girman ƙarin mahaifa kafin tiyata.

Yunwa mai tsanani, da aikin wahala, da damuwa mai tsawo, duk suna rage zuwan saƙon, shi ya sa al'adar mace kan ɗauke a irin wannan hali ba tare da ciki ba. Shayarwa ma haka take yi, sai dai a nan ne mata da yawa ke ruɗuwa har su faɗa kwanika, domin kariyar da nono ke bayarwa abin dogaro ce kawai idan jariri bai wuce wata 6 ba, yana shan nono zalla dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Shayarwar shekara biyu alheri ce ga yaro, amma ba ta hana ciki har yaye.

Akwai kuma waɗanda ake haifa jikinsu ba ya fitar da sinadarin GnRH sam, ba sa balaga, wasunsu ma ba sa jin ƙamshi ko wari, cutar da Franz Kallmann ya bayyana a 1944, wadda ta fi kama maza, kuma tana da magani. Saboda haka yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta ga al'ada ba, da yaron da ya kai 14 babu alamar balaga, asibiti ya kamata a kai su a gwada jininsu, ma'auratan da suka shekara ba ciki kuwa su je tare, a duba miji kamar yadda za a duba mata.