Lungunan Melbon: Yadda Bayan Gini Ya Zama Titin Tarayya

Wannan takarda ta duba yadda ake mayar da lungun da aka yi watsi da shi a tsakiyar birni ya zama titin tarayya, wato hanyar da mai ƙafa da mai keke da mai mota suke bi a shimfiɗa ɗaya, ba tare da dakalin da zai raba su ba, bisa sharaɗin cewa mai ƙafa ne ke da fifiko, direba kuwa baƙo ne da dole ya yi tafiyar hawainiya. Tsarin ya samo asali daga birnin Delft na ƙasar Holan, inda dokar ƙasa ta amince da shi a 1976, amma birnin Melbon na Ostireliya ya fi dacewa da nazari, domin a can ne aka ga cewa shimfiɗa dutse shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Lokacin da Robert Hoddle ya zana tsakiyar Melbon a 1837, ya ba manyan tituna faɗin kimanin mita 30, ƙananan kuma kimanin mita 10. Lungunan sun biyo baya ne, sa'ad da masu filaye suka riƙa yanka fulotansu suna barin 'yar hanya ta baya don sauke kaya da kwashe bahaya da dare. Saboda haka tun asali lungu wurin abin da ba a son gani ne, kuma da mutane suka ƙaurace wa tsakiyar birni zuwa unguwannin gefe, sai ya zama matattarar bola. A 1978 masanin gine-gine Norman Day ya bayyana tsakiyar birnin a jaridar The Age a matsayin fanko marar amfani.

Gyaran da majalisar birnin ta yi, wanda Rob Adams ya jagoranci sashen zanensa, bai fara daga lungun ba. A 1992 aka ƙaddamar da shirin Postcode 3000, wanda ya sauƙaƙa mayar da tsofaffin ofisoshi da ɗakunan ajiya gidajen zama, har mazauna tsakiyar birnin suka tashi daga kimanin 1,000 zuwa sama da 9,000 cikin shekara goma. Wannan shi ne ginshiƙin komai, domin lungun da babu mai kwana kusa da shi yakan mutu da zarar an tashi daga ofis, kowace irin fitila aka kafa masa. Daga nan aka nemi masu gine-gine su fasa makafin bangayen da ke fuskantar lungu su buɗe ƙofofi da tagogi, aka kuma ba ƙananan shaguna izinin fito da kujeru waje. Binciken da Jan Gehl, masanin tsara birane ɗan ƙasar Denmak, ya yi da majalisar a 1994, ya kuma maimaita a 2004, ya nuna cewa tsawon lungunan da jama'a ke bi suna hada-hada ya ƙaru daga mita 300 zuwa fiye da kilomita 3.

Titin Degraves, ɗaya daga cikin lungunan nan, ya nuna sakamakon a zahiri. Tebura da laimomi sun cika tsakiyarsa, masu wucewa suna ratsawa ta gefe kafaɗa da kafaɗa, wasu shagunan kuma ƙanƙantarsu ta kai mai dafa gahawa yana miƙo kofi ta taga. Ƙuncin wurin, wanda a da shi ne aibinsa, shi ne ya jawo masu ƙaramin jari da ba za su iya biyan hayar babban titi ba.

Sai dai akwai tambayar da masu zane suka fi yawan tsallakewa: idan lungu ya daina zama bayan gini, ina shara za ta koma? Gidan abinci yana fitar da ɓawo da kwali da kwalba kullum, kuma kwandon shara ɗaya mai wari ya isa ya kori mai cin abinci daga tebura goma. A Degraves sai a 2013 aka buɗe wurin tattara sharar shagunan a ƙarƙashin wani gini na kusa, inda ake kai ta a ware, a lokacin kuma ana busar da ragowar abinci ya zama taki, maimakon kowane shago ya jera nasa kwandunan a hanya. Haka ma sauke kaya: dole a ƙayyade wa motoci sa'o'in shiga, in ba haka ba rikici tsakanin direba da mai shago ba ya ƙarewa.

Matsalar da ba a gama warwarewa ba ita ce ta makafi, waɗanda sandarsu ke dogara da bakin dakali don gane inda hanyar mota ta fara. Koke-kokensu ne suka sa gwamnatin Birtaniya a 2018 ta nemi ƙananan hukumomi su dakatar da sababbin ayyukan da ke daidaita shimfiɗa baki ɗaya, kuma kukan nasu yana kan gaskiya. Melbon, da ta zo kan ƙananan titunanta irin su Flinders Lane da Little Collins a 2020, ta rage gudu zuwa kilomita 20 a awa, ta ba mai ƙafa fifiko, ta bar mafi yawan dakalan a inda suke.