Wa Ya Fere Carbin Mahaifinmu?

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, da 'yan uwa da suka taso daga Kano, Kaduna, Abuja da Legas, muna yi muku barka da zuwa gida.

Bayan mun ajiye alli, sai muka ɗauko wani carbi da muka gada wurin mahaifinmu, na ƙodagon goruba, wanda hannu ya goge har yana sheƙi, muka shiga cigiyar wanda ya yi shi. Mun tambaya a Ƙanƙara, mun leƙa kasuwar Sheme, mun aika Sabuwa. Kowa ya san mai sayar da irinsa, amma wanda ya fere shi, ya huda, ya shirya a zare, babu mai iya kama sunansa. Dattijo guda da aka ce ya sani, mun tarar ana sadakar bakwai ɗinsa.

Duk da haka ba mu dawo hannu rabbana ba. Mun gane cewa ƙwallon da aka yi abu da shi shi ne shaida na farko. Goruba da aduwa da idon zakara namu ne, suna nan a dazuzzukanmu. Kwakwar manja kuwa ba itacen ƙasarmu ba ce. Saboda haka baƙar jigidar da ke cikin adudun kakanninmu, in ta ɓawon ƙwallon kwakwa ce, daga kudu fatake suka hauro da ita. Yarabawa na kiran irinta lagidigba. Wanda ya rubuta cewa a Faskari aka yi ta don a Faskari ya same ta, ya haɗa mai talla da mai sana'a. (A kula, idon zakara guba ne, kada a bar yara su tauna.)

Turawa sun riga mu wannan aiki, sai dai rabi suka yi. Likita Dalziyel ya buga sunayen itatuwa da Hausa a 1916, ya ƙara da babban littafinsa na amfanin tsirrai a 1937. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934. A ciki za ku sami sunan itace da abin da ake yi da shi, amma sunan mai yin ba ya ciki. Ƙodagon nan da muke jefarwa, a Eritriya zamanin mulkin Italiya har masana'antar maɓallan riga aka kafa a kansa.

Abin da ya sa muke gaggawa kun san shi. Tun kafin daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashi ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ƙauyukanmu da dama suka watse. Mai gudun tsira da rai ba ya tsayawa ɗaukar caki ko tsohon carbi. Tsofaffin da suka san masu wannan sana'a da yawansu sun koma Funtuwa, Katsina, Zariya da Kano, wato gidajenku. Gwaggon nan da ke zaune a ɗakin baya, wadda jikoki ba su fahimtar Hausarta, ita muke nema.

Roƙonmu shi ne, kowa ya zauna da nasa tsohon, ya kunna wayarsa. A tambaye shi: wane ne ya yi, ɗan wane gida ne, wa ya koya masa, ina yake samo ƙwallon, da me yake hudawa, wace kasuwa yake ci? Abin da ya gani da idonsa a rubuta daban, abin da ya ji daban. In ya ce bai sani ba, a rubuta haka nan. Kada kishin gari ya sa mu ƙaga wa kanmu gwani.

A ɗauki hoton abin, a bar shi hannun masu shi. Sakatare zai karɓi abin da kuka tara a taron Babbar Salla, mu kuma mu kai kwafe gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.