Tsare Harshe da Haƙƙin Unguwa

Ya ku ƴan'uwa masu azumi, mun ga zargin luwaɗi ya zama makamin siyasa a manyan biranenmu, mutum ya jefi abokin hamayyarsa da shi ba tare da shaida ba. Ku sani, Risala ta Ibn Abi Zaid ta sanya wannan jifa cikin ƙazafi, wanda haddinsa bulala 80 ne. Suratul Hujurati kuma ta hana mugun zato da binciken asirin mutane. Ba a ba kowa izinin tara jama'a su doki mutum ko su kore shi daga unguwa ba.

Abin da ya wajaba a kanmu yana ƙofar gidajenmu, mun kau da kai. A 2020 kogi ya ci unguwannin Yamai, a 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram. Ga magudanan ruwa cike da leda da shara, damina kuma ba ta jiran kowa. Mu yi gayya mu yashe su, mu tambayi masu neman ƙuri'armu me suka tanada. Allah ya karɓi azuminmu, ya tsare harsunanmu.